Yadda Ake Cire Tsohon Fenti Daga Sikatin Ɗaki Ba Tare da An Lalata Shi Ba

Duk wanda ya taɓa kama ɗakin haya a tsofaffin gidajen Aboabo ko Asawase ko Sabon Zongo a nan Kumasi ya san yadda gindin bango yake kasancewa. Wannan siririn katako ko tayil ko siminti da ke zagaye ɗaki a inda bango ya haɗu da daɓe, wanda magina da kafintoci ke kira sikatin, shi ne wurin da kowane mai fenti yake barin sawunsa. Wani ya shafa masa ruwan ƙasa, wanda ya gaje shi ya ɗora baƙi, na bayansa kuma ya bar fentin bango ya zubo a kai bai goge ba, har a wayi gari gyaren da kafinta ya yi wa katakon, wato layukan ado da ya sassaƙa masa, ya cike, fentin yana tsagewa yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Cire shi ba ya buƙatar ƙwarewa ta musamman, amma yawancin ɓarnar da ake yi tana faruwa ne tun a rabin sa'a na farko, lokacin da mutum ya ɗauki wuƙa ko ya tuttula tina, wato ruwan tsinka fenti, bai san abin da ke ƙarƙashin fentin ba, bai kuma san irin fentin da ke kai ba.

Idan gidan haya ne, a fara da sanar da mai gida ko wakilinsa kafin a taɓa komai, domin kada a zo ranar tashi a yi ta jayayya a kan wanda ya karce katako.

Fara da sanin abin da ke ƙasa

Ka nemi wani lungu da ido ba ya kaiwa, kamar bayan ƙofa ko inda kabad yake tsayawa, ka sa bakin reza ka kankare wuri kamar faɗin tsabar kuɗi har ka isa ga asalin abin. Idan ka ƙwanƙwasa da yatsa kuma za ka ji bambanci, domin katako yana amsawa da taushi, tayil yana ƙara, siminti kuwa shiru yake yi. Katakon ma ba iri ɗaya ba ne. Odum yana da nauyi da tauri, launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, kuma yana jure kankara. Wawa fari ne mara nauyi, har farce yana iya yi masa shaida, saboda haka sikirafar ƙarfe, wato abin kankare fenti, tana huda shi cikin sauƙi. A sababbin gidaje kuma ana samun na MDF, wato garin katako da aka danne da gam, wanda yake kumbura da zarar ya sha ruwa kuma ba ya komawa yadda yake, ana kuma samun na roba, wanda zafi da tina suke narkarwa. Waɗannan biyun na ƙarshe ba a jiƙa su, ba a gasa su, kuma sau da yawa canza su ya fi sauƙi a kan wahalar tsabtace su.

Daga nan sai fentin kansa. Ka jiƙa auduga da sipirit irin wanda ake sayarwa a kemis, ka goga a wuri ɗaya na kusan rabin minti. Idan launi ya biyo audugar, fentin ruwa ne, wanda masu fenti ke kira imalshan. Idan audugar ta fito fes, fentin mai ne. A tsohon gida za ka tarar da duka biyun, na ruwa a sama, na mai a ƙasa, saboda haka ka maimaita gwajin a kan kowane launi da rezar ta tono.

Maganar dalma

Wannan gwaji yana da muhimmanci saboda wani dalili da ya wuce sauƙin aiki. Tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya da kore masu haske, yana iya ƙunsar dalma, domin an daɗe ana sa ta a fenti don ƙara masa launi da saurin bushewa. Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978, amma a ƙasashe da dama na Afirka an ci gaba da sayar da irinsa shekaru masu yawa bayan haka, kuma ido ba ya bambance shi da wanda ba shi da ita. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan guba, domin ba a manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar duwatsun zinariya mai ɗauke da dalma ta kashe yara fiye da 400. Hanyar shigarta a nan ma iri ɗaya ce, wato ƙura ta sauka a ƙasa, yaro ya yi rarrafe a kai, ya kai hannu baki. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma illar ba ta gyaruwa. Sikatin kuwa yana daidai tsayin bakin mai rarrafe.

Shawarata ita ce ka ɗauki duk tsohon fentin mai a matsayin mai dalma. Ma'anar wannan a aikace ita ce ba za ka goge shi da samfefa a bushe ba, ba za ka sa masa injin gurza ba, ba kuma za ka ƙona shi da harshen wuta ba. Yara da mata masu juna biyu su koma wani ɗaki ko wajen dangi har a gama a share, kuma kada a ci abinci ko a sha ruwa a inda ake aikin.

Kayan aiki da shirya ɗaki

Kayan ba su da yawa, kuma shagunan kayan gini na Adum da kewayen Kejetia suna da su. Kana buƙatar sikirafa biyu, ta ƙarfe mai faɗin kamar inci biyu da ta roba, da reza mai mariƙi, da tsohon burushin fenti da ba ka jin asararsa, da tsohon burushin haƙori, da samfefa lamba 80 da 120 da 180, da salatif na takarda irin na masu fenti, da leda mai kauri da tsofaffin kwalaye, da tsummoki da bokiti biyu. Don jikinka kuma ka nemi safar hannu mai kauri ta aikin sinadari, ba siririyar ta asibiti ba, da tabarau mai rufe gefen ido, da takunkumi mai lamba N100 ko P100. Ka haɗa da matashi ko tsohuwar katifar yara da za ka durƙusa a kai, domin wanda gwiwarsa ke ciwo shi ne yake gaggawa, kuma mai gaggawa shi ne yake huda katako. Sikirafar ƙarfe sabuwa tana zuwa da kusurwoyi masu kaifi, saboda haka ka goga su a kan siminti har su ɗan daƙushe kafin ka fara.

Ka fitar da kafet da dardumar salla da katifa da duk abin da ke riƙe ƙura. Ka ja sauran kaya tsakiyar ɗaki ka lulluɓe su. Ka shimfiɗa leda a gindin bango, faɗin kamar ƙafa uku, ka manne bakinta da salatif daf da sikatin, ka ɗora kwali a kai don kada ka zame. Idan ba za ka sake fentin bangon ba, ka bi saman sikatin da salatif shi ma. Ka buɗe tagogi duka, ka sa fankar tsaye a bakin taga tana hura iska waje, ka kashe ta sama domin ita watsa ƙura take yi. Inda akwai soket ko wayar wuta da aka bi da ita ta gindin bango, ka kashe wutar wannan layi kafin ruwa ko ƙarfe ya kusanci wurin.

Mutane kan tambaya ko ya fi a ɓalle katakon a fitar da shi tsakar gida. Aiki a sarari ya fi lafiya da sauƙi, babu shakka, amma a bangon bulo da ƙusar kankare ake kafa shi, kuma idan ka ɓanɓaro shi filasta tana biyo shi. A tsofaffin gidajen Zongo masu bangon ƙasa da aka shafe da siminti abin ya fi muni, domin rami kake buɗewa. Ni dai ba na ɓallewa sai idan katakon ya riga ya saki, ko gara ta ci bayansa. Idan ya zama dole, ka fara tsaga layin fentin da ya haɗa shi da bango da reza, ka sa guntun katako a bayan abin da kake ɓanɓara da shi don kare filasta, ka rubuta lamba a bayan kowane guntu da kuma bangon da ya fito, sannan ka zare ƙusoshi ta baya da filaya don kada fuskar ta tsage.

Idan ɗigon fentin bango ne kawai

Wannan shi ne mafi yawan abin da ake fama da shi, kuma shi ne mafi sauƙi. Ka jiƙa tsumma a ruwan ɗumi mai sabulun wanke kwanuka, ka shimfiɗa shi a kan wurin na minti goma, sannan ka tura sikirafar roba, fentin ruwa zai taso kamar fatar madara. Wanda ya ƙi, ka taɓa shi da sipirit. A kan tayil mai santsi kana iya amfani da reza, amma ka kwantar da ita sosai, ka kuma bar wurin a jiƙe. Layin da ke tsakanin tayil da tayil burushin haƙori ne maganinsa. Idan ɗigon na fentin mai ne, ɗan tina a bakin tsumma ya isa, ba a tuttulawa. Tarazo da mabul kuwa ba sa shiri da tsami, saboda haka kada ruwan batir ko asid ɗin wanke bayi ko ma binega ya kusance su, domin yana cinye ƙyallinsu ya bar tabo fari da ba ya fita.

Idan fentin ya yi kauri a kan katako

A nan akwai hanya biyu, zafi ko sinadari, kuma wani lokaci sai an haɗa su.

Na'urar hura zafi tana kama da ta busar da gashi, sai dai zafinta ya ninka sau da yawa. Ka sa ta a mataki na ƙasa, ka riƙe ta kamar inci uku zuwa huɗu daga katako, kana kaɗa ta a hankali a kan wuri mai tsayin tafin hannu. Cikin daƙiƙa kaɗan fentin zai yi ƙuraje ya kumbura. A wannan lokacin ne kake kawar da zafin ka tura sikirafa, a kwance, tana bin tsawon katako, fentin ya naɗe a bakinta kamar ɓawon ayaba, ka goge shi a cikin gwangwanin ƙarfe. Idan ka ga hayaƙi ko launi ya fara baƙi, ka wuce gona da iri, kuma zafin da ya kai nan shi ne yake tayar da dalma ta zama tururi. Dokar aikin gyaran gidaje ta Amurka ta hana amfani da irin wannan na'ura a kan fenti mai dalma idan zafinta ya kai kimanin digiri 590 a ma'aunin Selsiyus. Ka sa faffaɗan ƙarfe ko guntun tayil ya kare daɓen roba da gilashi da wayar wuta, kuma ka tsaya a ɗakin na rabin sa'a bayan ka gama, domin ƙurar da ta taru a bayan sikatin tana iya cin wuta a ɓoye. Mai mitar kati ya sani cewa na'ura mai wat 2000 tana shan yunit biyu a kowace sa'a, kuma idan aka ɗauke wuta aikin ya tsaya.

Sinadarin cire fenti ya fi dacewa da katako mai gyare da kwana-kwana, kuma ya fi zama lafiya ta fuskar dalma tunda fentin yana fita a jiƙe. Amma ka karanta jikin gwangwanin kafin ka biya. Idan ka ga an rubuta dichloromethane ko methylene chloride, ka san cewa shi ne mai saurin aiki kuma shi ne mafi haɗari, har Amurka ta hana sayar da shi ga masu aikin gida a 2019, Tarayyar Turai kuwa ta riga ta. Tururinsa ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasa yake sauka ya taru, daidai inda fuskar mai aikin sikatin take, kuma idan ya shiga jiki yana rikiɗewa ya zama irin gubar hayaƙin janareta. Takunkumin ƙura ba ya tare shi. A ɗakin da taga ɗaya ce ƙarama, kamar yawancin ɗakunan gidajenmu na haya, ban yarda a yi amfani da shi ba ko kaɗan. Ka nemi mai kauri kamar kunu wanda ba shi da wannan sinadari, ko da zai ɗauki sa'o'i kafin ya ci.

Ɗaki mai ƙafa 12 a kowane gefe yana da sikatin kusan ƙafa 45 idan an cire ƙofa. Kada ka shafe shi duka a lokaci ɗaya idan sinadarin mai saurin bushewa ne, ka bi shi ƙafa uku-uku. Ka ɗora shi da kauri, kana dangwalawa da burushi ta fuska ɗaya, ba shafawa gaba da baya kamar fenti ba. Ka rufe da leda ka danna ta manne, musamman a lokacin hunturu da iska ke busar da komai nan take, domin sinadarin da ya bushe ya daina aiki. Ka jira iya lokacin da aka rubuta a gwangwani, sannan ka ɗaga gefen ledar ka gwada. Idan sikirafa ta nutse har katako ba tare da ka danna ba, ya yi. Idan sai ka sa ƙarfi, ka mayar da ledar ka ƙara jira. Fenti mai hawa huɗu ko biyar yakan buƙaci zagaye biyu ko uku. Cikin gyare kuma ka bi shi da burushin haƙori da tsinken katako da ka feƙe, ba ƙusa ba. Idan ka gama sai ka wanke da abin da gwangwanin ya ce, ruwa ko tina, da tsumma matsattse.

Akwai kuma sodar da ake haɗa sabulu da ita, wadda wasu masu fenti ke damawa da sitaci su shafa saboda araharta. Tana cin fentin mai sosai, amma ba ta iya wa na ruwa yadda ya kamata. Na taɓa gwada ta a kan sikatin odum a ɗakin kawuna ana saura kwana biyar Babbar Salla, fentin ya fita sarai, sai dai katakon ya yi baƙi dabbare-dabbare, fuskarsa ta tashi kamar gashi, kuma niyyar da muka yi ta shafa masa banish, wato man ƙyalli da ke barin katako ya fito da launinsa, ta wargaje, dole muka sake rufe shi da fenti, aka yi gyaran gangar Auzinawa. Wani tsohon kafinta a Sokoban da na kai wa labari ya gaya mini cewa abin da soda ke yi wa yawancin katako mai tauri ke nan. A kan siminti tana da amfani. Wanda zai yi aiki da ita ya zuba sodar cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa cikin soda ba, a bokitin roba mai kauri ba tukunyar alminiyam ba, kuma kada ya taɓa ajiye ragowar a gorar ruwa ko ta lemo inda yaro zai ɗauka ya sha. Idan ta fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20, sannan a wuce asibiti ba tare da jiran ganin ko zai lafa ba.

Sikatin siminti

A nan ba a tsoron karcewa, saboda haka sikirafar ƙarfe da burushin waya suna aiki, muddin ana yayyafa ruwa don danne ƙura. Abin lura shi ne dalilin ɓarewar. Idan ka tarar da farin gari kamar kanwa a ƙarƙashin fentin, filasta kuma tana marmashewa, danshi ne yake hawowa daga ƙasa yana turo gishiri, abin da ya zama ruwan dare a gidajen da ke kwari kusa da rafin Aboabo. Ka share garin da busasshen burushi, ka duba bayan bangon ko akwai kwata ko famfo mai yoyo ko wurin alwala da ke jiƙa shi. Idan ba a tare ruwan ba, sabon fentin mai ba zai ga ƙarshen damina ba. Inda ka yi faci da sabon siminti, ka ba shi kamar mako huɗu kafin fenti.

Gogewa, shara da sabon shafi

Ka bar katako ya bushe kwana ɗaya zuwa biyu, a damina kuwa har uku. Ragowar fentin da ya maƙale ka bi shi da samfefa mai jure ruwa a jiƙe. Sai bayan katako ya fito tsirara ya bushe ne za ka goge shi, kana bin tsawonsa, da lamba 120 sannan 180. Lamba 80 ta wurin da ya yi kaushi sosai ce, kuma ba a sa wa wawa ita. Ƙurar odum tana sa atishawa da ƙaiƙayin fata, saboda haka kada ka cire takunkumi. Ka cike ramukan ƙusa da fila, wato ƙullun cike ramin katako, idan kuma ka ga hanyar gara ka yi mata magani kafin ka rufe.

Kada ka ɗauki tsintsiya. Ka yayyafa wa ledar ruwa, ka naɗe ta daga gefe zuwa tsakiya da dattin a ciki, ka sa a buhu ka ɗaure. Ka goge daɓe da bakin taga da jiƙaƙƙen tsumma sau biyu, kana canza ruwa. Guntayen fentin ba a ƙona su a bola, ragowar tina da sinadari kuma ba a zuba su a kwata. Tsummokin da suka sha tina ko mai ka baza su a waje a inuwa su bushe ɗaya-ɗaya, nesa da kurfoti da murhu, domin idan aka cusa masu mai wuri ɗaya suna iya ɗaukar zafi su kama da kansu. Kayan da ka sa ka wanke su daban da na iyali, ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro.

Idan katakon ya fito da kyau, musamman odum, banish hawa biyu ya fi masa fenti, bayan ka goge shi da ɗan sipirit don cire maiƙon da yake fitarwa. Idan fenti za ka mayar, ka fara da shafin farko na katako, sannan hawa biyu marasa kauri, ka bar kwana ɗaya tsakaninsu, ka kuma nemi gwangwanin da aka rubuta cewa babu dalma a ciki. Ka cire salatif tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba, kana jan sa a karkace. A hunturu ka rufe tagar da ke fuskantar iska na sa'o'in farko don kada ƙura ta zauna a kan ɗanyen fenti. Ɗaki ɗaya yakan ci kusan mako guda idan aka haɗa da kwanakin bushewa, saboda haka wanda yake son ɗakinsa ya shirya kafin Salla ya fara aƙalla mako uku kafin ranar, ya kuma bar kafet a waje har warin ya fita gaba ɗaya.